Hoton Ƙasar Hausa a Kasuwar Duniya: Daga Alƙalamin Boɗinga zuwa Rumbunan Intanet

Gabatarwa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wata sana'a da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, watau sayar da hotuna da bidiyo ta hannun kamfanonin da ke dillancinsu a intanet. Yadda abin yake shi ne, mutum ya ɗauki hoton kasuwa ko na gona, ya aika wa kamfani, kamfani ya ajiye a rumbunsa, duk wanda ya bukata ya biya ya ɗauka, sa'an nan a ba mai hoto kasonsa. Matasanmu da yawa suna kallon wannan harka kamar wata sabuwar rijiya da aka haƙa jiya. Alhali kuwa cinikin hoton ƙasar Hausa ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Saboda haka zan bi maganar ta hanyar tarihi, ina riƙe da tambayoyi uku a kowane zamani muka shiga: wa ya ɗauki hoton, a hannun wa ya zauna, kuma wa ya ci kuɗinsa?

Na zaɓi ƙasar Boɗinga da ta Shagari su zama ma'aunina, domin kowace daga cikinsu tana da abin da za ta koya mana a kan wannan batu, ko da yake ba a san su da wata kasuwar hoto ba.

Boɗinga da Al'adar Ambaton Mai Aiki

Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga a yau. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana gina Sakkwato. A wannan zama ne, cikin 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Shehu bai koma Sakkwato ba sai 1815, ya rasu a can cikin 1817. Waɗannan 'yan shekaru na Sifawa da Boɗinga shekarun karantarwa ne da wallafa. A cikinsu ne Malam Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati, cikin 1813, ba da daɗewa ba kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili.

To, yaya littafi yake yaɗuwa a lokacin da babu injin ɗab'i? Da hannun marubuta. Kwafar littafi sana'a ce, ana biyan mai yin ta. Takarda kuwa daga nesa take zuwa, galibi daga ƙasar Italiya ta Tarabulus, ta ratso hamada a bayan raƙumi. Abin da nake so ku lura da shi shi ne ladabin da ke tattare da wannan sana'a. Mawallafi yakan ambaci sunansa a farkon littafi. Mai kwafa, in ya kai ƙarshe, sau da yawa yakan rubuta nasa sunan, wani lokaci har da na wanda aka yi wa kwafar, ya roƙi addu'a. Ɗalibi in ya sauke littafi a gaban malami, ana ba shi ijaza mai jera sunayen waɗanda ilimin ya biyo ta hannunsu. Watau dai mutanen wannan ƙasa sun riga sun san cewa aiki yana iya yawo daga Boɗinga har Adamawa, a kwafe shi sau ɗari, amma sunan mai shi ya bi shi duk inda ya tafi.

Akwai kuma wani kayan ƙasar nan da ya yi tafiya ba tare da sunansa ba. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme suka rina, ta daɗe tana ratsa hamada zuwa Arewacin Afirka, daga can ta ƙetara Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Amma a kasuwannin Turai da sunan Maroko aka san ta, domin ta wajen can take isa gare su. Makiyayi da majemi suka sha wahala, mai tashar jirgin ruwa ya tafi da suna. Littafin Boɗinga da fatar Sakkwato su ne hanyoyi biyu da kaya ke iya bi in ya bar gida. Za mu ga wadda hotonmu ya bi.

Zanen Baƙi da Kyamarar Masu Mulki

Hoton ƙasar nan na farko da aka sayar a Turai zane ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da suna Abdulkarim, ya zo Wurno da Sakkwato cikin 1853, ya bi hanyar da ta ratsa ƙasar Boɗinga zuwa Gwandu, kan tafiyarsa ta Tumbuktu. Yana tafe yana zana garuruwa da kasuwanni a littafinsa. Da ya koma gida aka ba wani mai zane, Johann Martin Bernatz, waɗannan zane-zane, ya gyara su ya ƙawata, aka buga su a cikin juzu'i biyar na labarin tafiyar, da Jamusanci da Ingilishi, tsakanin 1857 da 1858. Shi Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ashe tun ran farko, surar ƙasarmu da Turawa suka saya ta bi ta hannun wanda bai gan ta da idonsa ba.

Ita kyamara an bayyana ta ga duniya a Faris cikin 1839. Cikin 1888 George Eastman ya fito da Kodak, ƙaramar kyamara wadda kowa ke iya riƙewa. Saboda haka sa'ad da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, kyamara tana cikin kayan hafsoshinsu. Masana tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Burmi, a watan Yuli na wannan shekara, an ɗauki hoton gawar Sarkin Musulmi Attahiru, aka yi ta nuna shi a ƙasa domin jama'a su sakankance ya rasu. Wannan shi ne irin aikin da aka fara sa hoto a ƙasar nan: shaidar wanda ya yi rinjaye a kan wanda aka rinjaya.

Daga nan sai ciniki ya biyo. Tsakanin 1900 da barkewar yaƙin duniya na farko cikin 1914, Turai ta haukace da katin wasiƙa mai hoto. A Dakar, wani Bafaranshe mai suna Fortier ya buga dubban irin waɗannan katuna na Afirka ta Yamma. Da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano cikin 1911, ganuwa da kasuwar Kurmi da marina suka shiga sahu. Sa'an nan aka sami hawan daba: na Kano cikin 1925 domin Yariman Wales, na Kaduna cikin 1956 domin Sarauniya Elizabeth. Haka kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu cikin 1934. Dokin sarki, da dalar gyaɗa, da masunta da gorunansu, su ne suka zama fuskar Arewa a idon duniya, har yau kuwa ba su sauka ba.

Ku dubi rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna. Sarki ana faɗin sunansa. Talaka kuwa sai a ce wani Bahaushe, ko wata 'yar Fulani, ko wani maƙeri. Ba sunansa, sau da yawa ba sunan garinsu. Hoto ya bi hanyar fata, bai bi ta littafi ba.

Hoto Ya Zama Ɗan Gida

Kada a ɗauka cewa baƙi kaɗai suka riƙe kyamara. A Bonny, Jonathan Adagogo Green, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1905, ya yi sana'ar hoto, aka buga ayyukansa a katuna da jaridun Ingila, sau da yawa ba tare da an ambace shi ba, har aka daɗe ba a gane cewa ɗan ƙasa ne ba. A Ikko akwai George Da Costa, wanda ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A Benin akwai Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba, wanda ya buɗe shagonsa cikin 1942.

A Arewa abubuwa uku suka sa jama'a suka saba da hoto. Na farko jarida: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta kai hoton sarakuna da na sojoji har zaurukan ƙauye. Na biyu majigi, motar gwamnati da ke zuwa da dare ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna tsafta da noma da rangadin manya. Na uku takardun hukuma: fasfo na aikin hajji, da takardar makaranta, da ta neman aiki, duk sai da hoto. Ta haka mai hoto ya sami gindin zama a bakin tasha da gefen asibiti, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Malamai sun yi ta tattauna hukuncin abin. Sanannen zance a mazhabar Malikiyya shi ne, haramcin ya fi ƙarfi a kan sura mai jiki wadda ke da inuwa, hoton da ke shafe a takarda kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi, ko da yake akwai malaman da suka tsananta.

Amma shi wannan mai hoto na gida, cinikinsa na hannu da hannu ne. Ya ɗauki amarya ko alhaji, ya wanke, ya miƙa, ya karɓi kuɗinsa, magana ta ƙare. Fim ɗin da aka ɗauki hoton a kansa, wanda shi ne uwar dukiyar, yakan zauna a kwali har gara ko zafi ko damina su gama da shi. A daidai wannan lokaci baƙi suna adana nasu. Hotunan E. H. Duckworth, editan mujallar Nigeria, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Na Eliot Elisofon, wanda mujallar Life ta aiko Nijeriya gab da samun mulkin kai, suna gidan tarihin Smithsonian a Washington.

A nan ne Shagari ta shigo maganarmu. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin cikin 1925, ya fara da aikin malanta, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, ya rasu cikin Disamba 2018, aka binne shi a mahaifarsa. Da wuya a sami wani ɗan wannan yanki da kyamarorin duniya suka ɗauka kamarsa. An ɗauke shi a fadar White House tare da Shugaba Carter cikin Oktoba 1980, an ɗauke shi a Landan tare da Sarauniya cikin Maris 1981. Duk wanda ya shiga rumbun Getty Images ko na Alamy ya rubuta sunansa, zai tarar da hotunansa, kowane da farashinsa. Idan wani ɗan Shagari ya tashi rubuta tarihin wannan bawan Allah, yana son hoto mai kyau da zai sa a bango, mai yiwuwa ne sai ya biya wani kamfani na ƙasar waje, da dala ko da fam. Wannan ba sata ba ce. Su suka aiko mai ɗauka, su suka adana, su suka rubuta rana da wuri a bayan kowane hoto. Mai ajiya shi ke da kasuwa.

Asalin Rumbunan Hotuna

Bari mu ƙetara mu ga yadda waɗannan rumbuna suka samu. Jarida ko kamfanin talla ba kullum ke iya aika mai hoto ba, ga tsada ga ɓata lokaci. Sai wasu suka ga cewa in an tara hotuna an jera su bisa tsari, ana iya ba da hayar hoto ɗaya ga mutum goma, hoton kuma yana nan bai ragu ba. Cikin 1920 H. Armstrong Roberts ya kafa irin wannan kamfani a Philadelphia. Cikin 1935 Otto Bettmann ya gudo daga Jamus ta Hitler da akwatuna cike da hotuna, ya buɗe rumbunsa a New York cikin 1936. A Landan kuma akwai rumbun Hulton, wanda ya tsiro daga mujallar Picture Post.

Masu ɗaukar hoto ba su yi shiru ba. Cikin 1947 wasu daga cikinsu, har da Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger, suka kafa ƙungiyar Magnum, bisa sharaɗin cewa mai ɗauka shi ke da mallakar hotonsa, mujalla haya kawai take yi. Ƙungiyar gama-kai ce, 'ya'yanta su ne masu ita. Ku riƙe wannan misali, za mu komo gare shi.

Da kwamfuta ta zo, manyan attajirai suka shiga sayen tsofaffin rumbuna. Bill Gates ya kafa kamfanin da ya zama Corbis cikin 1989, ya sayi rumbun Bettmann cikin 1995. A wannan shekara Mark Getty da Jonathan Klein suka kafa kamfanin Getty, suka sayi Hulton cikin 1996. Cikin 2016 aka sayar da hotunan Corbis ga wani kamfanin ƙasar Sin, Visual China Group, Getty kuma ya karɓi dillancinsu a sauran duniya. Ta haka hotunan da ɗaruruwan mutane suka ɗauka cikin shekara ɗari, har da na ƙasar Hausa, suka taru a hannuwa 'yan kaɗan.

Intanet da Karyewar Farashi

Har zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin, sayar da hoto ga irin waɗannan kamfanoni aikin ƙwararru ne, farashi kuma yana bin irin amfanin da za a yi da hoton: a wace ƙasa, na tsawon wane lokaci, kwafi nawa. Kyamara marar fim da intanet su suka rushe wannan katanga. Cikin 1999 aka kafa Alamy a Ingila. Cikin 2000 Bruce Livingstone ya buɗe iStockphoto a Kanada, inda kowa ke iya kawo hotonsa a sayar da shi da 'yan kuɗi ƙalilan. Getty ya saye shi cikin 2006 a kan dala miliyan 50. Cikin 2003 Jon Oringer ya fara Shutterstock a New York da hotuna wajen 30,000 waɗanda shi da kansa ya ɗauka, ya kawo tsarin biyan kuɗin wata, mai saye ya yi ta ɗiba. Kamfanin Adobe ya sayi Fotolia a kan dala miliyan 800, ya buɗe Adobe Stock cikin 2015. Pond5, wanda ya shahara da bidiyo, ya koma hannun Shutterstock cikin 2022.

Alherin wannan canji a fili yake: ƙofa ta buɗe wa kowa, ba a tambayar mutum takardar makaranta ko ƙasarsu. Nijeriya ta sami wayar salula cikin 2001, yau kuwa akwai kyamara a aljihun ɗan tireda da na makiyayi. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da kaya suka yi yawa, daraja ta faɗi. A kasuwarmu, in ka kai saniya kara, dillali la'ada yake karɓa, ɗan abu kaɗan, mai dabba ya tafi da kuɗinsa. A wannan kasuwa abin ya juye. iStock ya sa kashi 15 cikin 100 ga mai hoton da bai keɓe masa kayansa ba. Adobe Stock ya sa kashi 33 ga hoto, 35 ga bidiyo. Cikin Yuni 2020 Shutterstock ya sake tsarinsa, ya sa kaso daga 15 zuwa 40 gwargwadon yawan cinikin mutum, ana mai da kowa matakin ƙasa a farkon kowace shekara, mafi ƙarancin abin da ake biya a hoto ɗaya kuma ya zama santi 10, watau ushirin dala. Ku yi lissafi da kanku: a wannan farashi sai an ɗauki hotonka sau 1,000 kafin ka ga dala 100.

Bayan wannan ga rumbunan kyauta, irin su Unsplash, wanda Getty ya saya cikin 2021. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda tun daga 2022 take ƙaga hoto daga bayanin da aka rubuta mata, bayan an horar da ita da miliyoyin hotunan mutane. Cikin 2023 Getty ya kai kamfanin Stability AI ƙara a Landan da Amurka a kan haka, cikin Janairu 2025 kuma Getty da Shutterstock suka ba da sanarwar shirin haɗewa. Duk waɗannan alamu ne na kasuwar da ke matsewa.

Abin da Ke Jiran Ɗan Boɗinga

Idan haka ne, me ya rage wa saurayin Boɗinga ko na Shagari da ke son shiga wannan sana'a? Zan faɗi abu biyar, bisa abin da tarihin nan ya nuna.

Na farko, kada a yaudare shi. Wannan ba sana'ar da ake kwana a tashi da kuɗi ba ce. Ta fi kama da dashen dabino: a yi ta tara ɗaruruwan hotuna masu kyau, shekara da shekaru, kafin a ga wani abin kirki. Bidiyo ya fi hoto tsada, amma ya fi cin kayan aiki da kuɗin data. Ga kuma wahalhalun da ɗan Landan bai san su ba. Wuta ba ta tsayawa. Layin waya yana iya yankewa, kamar yadda gwamnati ta rufe shi a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato cikin Satumba 2021 saboda 'yan bindiga. Karɓar kuɗi ma aiki ne: sa'ad da PayPal ya shigo Nijeriya cikin 2014, an yarda mutum ya biya, ba a yarda ya karɓa ba, shi ya sa da yawa suka koma ga Payoneer. Kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, ana cire kashi 30 cikin 100 daga abin da aka sayar wa masu saye na Amurka.

Na biyu, ƙarfinsa yana cikin abin da ba kowa ke da shi ba. Hoton faɗuwar rana da na fure sun cika rumbuna, injin ma yana ƙaga su. Abin da injin ba ya iya bayarwa shi ne shaida: cewa wannan fadama ce ta ƙasar Boɗinga, ran kaza, ana cire albasa, wannan madatsar ruwan Shagari ce da rani, wannan majemi ne yana aikin fatar jar akuya, wannan makarantar allo ce a Sifawa. Ku gwada neman sunayen waɗannan wurare a manyan rumbuna, ku kwatanta abin da za ku samu da abin da za ku samu in kun nemi hawan daba. Masu buga littattafan makaranta da jaridu da hukumomin noma da na lafiya suna bukatar hoto na gaskiya. Fati Abubakar ta nuna hanya a Maiduguri tun daga 2015, inda ta riƙa ɗaukar rayuwar yau da kullum a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Barno sai gawa da kango, har aikinta ya kai manyan jaridun duniya.

Na uku, rubutun da ke bin hoto shi ne rabin darajarsa. Mai saye ba ya ganin hoto sai ya rubuta kalmar nema, hoton da ba a yi masa bayani ba kuwa kamar allura ce a cikin rijiya. A nan ne ɗaliban Sashen Hausa ke da aiki. Wanda ya san bambancin alkyabba da babbar riga, da na rawani da hula, da na rumbu da rufewa, shi zai sa wa abu sunansa na gaskiya, ya fassara shi daidai. Sunan gari, da rana, da sunan mai ɗauka: wannan shi ne abin da marubutan Boɗinga ke yi a ƙarshen littafi.

Na huɗu, mutunci. Kamfanoni sun raba hoto gida biyu. Na talla ba ya karɓuwa sai da takardar amincewa wadda mutumin da ke cikin hoton ya sa wa hannu, in yaro ne kuwa sai uba ko waliyyi. Na labari ba ya bukatar wannan takarda. Ta wannan ƙofa ta biyu ce fuskokin almajirai da na 'yan gudun hijira suke fita, a yi ta maƙala su a kan kowane labarin yunwa, yaron bai sani ba, iyayensa ba su sani ba. Hoton da ya shiga rumbu ba ya dawowa, mai ɗauka kuma ba shi da iko a kan inda za a sa shi. Baƙo yana iya cewa bai san al'ada ba. Ɗan gari, wanda ya san abin da ake nufi da shiga gidan mutum da kunyar matan aure, ba shi da wannan hanzari. Ya nemi izini da Hausa, ya bayyana inda hoton zai je, ya karɓi a'a in an ce a'a.

Na biyar, doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 ita aka shimfiɗa wa Nijeriya cikin 1912, aka sake ta cikin 1970 da 1988, sa'an nan aka sa hannu a kan sabuwa cikin Maris 2023. A ƙa'ida mai ɗauka shi ke da hotonsa, kariyar kuma shekara 50 ce daga lokacin da aka fitar da shi ga jama'a. Kamfani izinin amfani yake sayarwa, mallaka tana nan ga mai ita, sai in ya sa hannu ya sallama. Saboda haka a karanta yarjejeniya kafin a amince. Wannan haƙƙi yana da haƙora. Daniel Morel, ɗan ƙasar Haiti, wanda aka ɗebi hotunansa na girgizar ƙasa ta 2010 daga intanet aka rarraba ba da izninsa ba, ya yi ƙarar AFP da Getty, kotu a New York ta ba shi dala miliyan 1.2 cikin 2013. Ma'aikatan gwamnati kuma su lura: hoton da aka ɗauka a bakin aikin hukuma, da umurninta, na hukuma ne, ba na ma'aikaci ba.

Kammalawa

Mun taso daga zanen Barth, mun biyo ta Burmi da katin wasiƙa, da akwatin mai hoto na bakin tasha, har zuwa santi 10 na Shutterstock. A tambaya ta farko an sami canji, domin yau ɗan ƙasa ne ke riƙe da kyamara. A ta biyu da ta uku kuwa, har yanzu ajiya da riba suna can inda suke. Dalili shi ne, mun koyi ɗauka, ba mu koyi adanawa ba.

Ina da shawara uku. Ma'aikatun watsa labarai na jihohi, da fadojin sarakuna, da gidajen tsofaffin masu hoto, suna da kwalaye cike da hotunan rangadi da naɗin sarauta da buɗe makarantu. Ya kamata Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai a kwafe su a kwamfuta, a kuma zauna da dattawa su faɗi sunayen waɗanda ke ciki tun suna da rai. Na biyu, masu hoto na Sakkwato da kewaye su dubi misalin Magnum, su haɗu su yi rumbu nasu, domin wanda ke da hoto dubu hamsin yana iya yin ciniki da babban kamfani, mai hoto hamsin kuwa sai abin da aka ba shi. Na uku, sassan Hausa su koyar da rubuta bayanin hoto da fassara shi, a matsayin wani reshe na aikin fassara.

Malam Abdullahi ya bar Boɗinga fiye da shekara ɗari biyu, amma duk ɗalibin da ya buɗe littafinsa ya san na wane ne. Jikokin waɗanda suka kwafi littattafan nan su ne ke yawo da kyamara a aljihu yau. Allah ya sa su bar wa na baya abin da za a gane da sunansa da garinsa.